Asusun root da tafintan umarni a tsarin Unix: bitar tarihi daga ɗakunan bincike na Bell zuwa Matameye

1. Gabatarwa

Wannan ƙasida ta samo asali ne daga aikin tattara kalmomin kimiyya da fasaha cikin harshen Hausa. Da muka iso fannin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda a Nijeriya ake kira kwamfuta, ma'aikatanmu kuma suka fi sabawa da « ordinateur », sai muka ci karo da kalmomi biyu da suka ƙi fassaruwa: « root » da « shell ». Faransanci ma bai gama da su ba. Ta farko akan bar ta yadda take, ko a ce « superutilisateur »; ta biyu akan rubuta « interpréteur de commandes », amma a baki kowa « shell » yake cewa. Ra'ayinmu shi ne ba a raɗa wa abu suna kafin a san asalinsa da aikin da yake yi. Don haka za mu bi sawun waɗannan abubuwa biyu tun daga 1969, mu ga yadda suka iso ƙasarmu, sa'an nan mu duba matsalolin da suke jawo wa mai aiki da Hausa.

Mun ɗauki Matameye, babban garin gundumar Kance cikin jihar Damagaram, a matsayin wurin misali. Gari ne na kusa da iyaka, a kan hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Daura zuwa Kano. Kayan na'ura na shigowa cikinsa ta fuska biyu: na Yamai, ta hannun gwamnati da ƙungiyoyin agaji, da na Kano, ta hannun ƴan kasuwa. Za mu ga a gaba cewa wannan yana shafar har kalmar sirri. Kada kuma a ɗauka maganar Unix ta manyan biranen Turai ce. Kowace salula mai Android da ke aljihun ɗan kabu-kabu a Matameye tana tafiya ne a kan ƙwayar Linux, tana da asusun root da shell nata, ko mai ita ya sani ko bai sani ba.

2. Mai lamba sifili

Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka fara rubuta Unix a 1969, a ɗakunan bincike na Bell da ke Murray Hill a Amurka, bayan kamfanin ya janye daga aikin Multics da yake yi tare da MIT da General Electric. A wancan zamani na'ura ɗaya mutane da yawa ke aiki da ita a lokaci guda, rijiya ɗaya guga barkatai. Tilas ke nan a raba kayan wane da na wane. Sai aka ba kowane mai aiki asusu, kowane asusu aka ba shi lamba, kowane kundi kuma aka rubuta masa mai shi da irin iznin da ke kansa: karantawa, rubutawa, zartarwa. Amma dole a samu wanda zai buɗe sabon asusu, ya gyara faifai in ya lalace, ya kashe aikin da ya ƙi tsayawa. Shi ne asusu mai lamba 0, wanda ƙwayar tsarin ba ta tambayarsa izni. Shi ke da wuƙa da nama.

Ya kamata masanin harshe ya lura cewa ƙwayar lambar take dubawa, ba ruwanta da suna. In aka sauya wa root suna aka kira shi « maigida », muddin lambarsa 0 ce ikonsa yana nan. In kuma aka raɗa wa asusu mai lamba 1005 suna root, talaka ne. Sunan kansa aro ne daga itace. Kundaye a Unix jere suke kamar rassan da suka fito daga saiwa ɗaya, wadda ake rubutawa da alamar « / », kuma a tsofaffin tsare-tsare wannan saiwa ita ce mazaunin mai lamba 0. Rumbun /root da muka sani a Linux daga baya ya zo.

Ana ajiye jerin asusai cikin kundin /etc/passwd, layi ɗaya ga kowane asusu, gida bakwai da alamar ɗigo biyu ta raba. Ga layin root kamar yadda yake a Debian ko Ubuntu:

root:x:0:0:root:/root:/bin/bash

Wato suna, gurbin kalmar sirri, lambar mutum, lambar ƙungiya, bayani, mazauni, sai gida na bakwai: manhajar da za a tayar wa mutum da zarar ya shiga. Gida na biyar har yanzu GECOS ake kiransa, sunan tsarin wata na'urar General Electric da ma'aikatan Bell ke aika wa ayyuka a shekarun 1970. Na'urar ta shuɗe, sunan ya rage, kamar yadda muke cewa « dala » alhali azurfar Mariya Tareza ta bar kasuwa tun zamanin kakanni.

Harafin « x » na gida na biyu yana da nasa labarin. Da fari a sarari ake ajiye kalmomin sirri. Robert Morris da Thompson suka sauya wannan, suka bayyana dabararsu cikin wata maƙala ta 1979: a jirkita kalmar ta hanyar lissafin da ba ya komawa baya, a ƙara mata « gishiri » iri 4096 don kada kalma ɗaya ta ba da sakamako ɗaya a ko'ina. Haruffa takwas na farko kawai ake lissafawa. Kundin kuwa kowa na iya karanta shi, domin manhajoji kamar ls suna bukatarsa don maida lamba suna. Ranar 2 ga Nuwamba 1988 ɗan Morris ɗin, yana ɗalibi a jami'ar Cornell, ya saki tsutsar da ta tsayar da dubban na'urori, kuma ɗaya daga dabarunta ita ce gwada kalmomi 432 da take ɗauke da su a kan wannan kundi. Bayan haka al'adar kwashe kalmomin sirri zuwa /etc/shadow, inda talaka ba ya leƙawa, ta bazu, aka bar « x » a gurbinsu. A 2019 masu tonon tsofaffin kundaye suka warware kalmar sirrin Thompson kansa daga wani passwd na wajen 1980, sai ga shi motsin buɗe wasan darar Turawa ne, p/q2-q4! Ta yi kusan shekara arba'in kafin a fasa ta.

To ta yaya talaka zai sauya kalmar sirrinsa in kundin na root ne? Ritchie ya ƙirƙiro alamar setuid, wadda aka ba shi takardar mallakarta a 1979: manhajar da ke ɗauke da alamar tana aiki da ikon mai ita, ba da ikon wanda ya tayar da ita ba. Aron rawani ne na ɗan lokaci. Umarnin passwd da su da sudo duk da wannan rawani suke aiki, shi ya sa ɓarayin na'ura suka fi sa musu ido.

3. Ƙwaya, ɓawo, tafinta

Kalmar « shell » Bafaranshe ne ya raɗa ta, abin da ɗalibanmu da yawa ba su sani ba. Louis Pouzin, wanda daga baya ya jagoranci aikin Cyclades a Faransa, yana MIT a farkon shekarun 1960 ya rubuta RUNCOM, manhajar da ke karanta jerin umarni daga kundi ta zartar da su bi da bi. Wajen 1964 zuwa 1965 ya tsara wa Multics abin da ya kira shell, wato ɓawon da ke lulluɓe da ƙwaya, Glenda Schroeder kuma ta rubuta shi. Haruffan « rc » da ke ƙarshen sunaye irin su .bashrc daga RUNCOM suka fito.

Mutumin Matameye, inda aka yi zamanin gujiya har aka kafa matatar mai, ba ya bukatar a yi masa bayanin ƙwaya da ɓawo. Mun amince da « ƙwaya » ga abin da Faransanci ke kira « noyau ». Amma « ɓawo » bai gamsar da mu ba, domin ɓawo ɓarewa ake yi a zubar, shell kuwa ta bakinsa ake magana da ƙwayar. Aikinsa ya karɓi abin da mutum ya rubuta, ya rarraba shi kalma-kalma, ya warware alamomi irin su « * », ya nemo manhajar da ake nufi, ya miƙa wa ƙwaya. Wannan aikin tafinta ne, kuma ita ce kalmar da muke ba da shawarar a ɗauka. Tana da wata fa'ida: Badamagare ya san nauyin tafinta. Masana tarihi sun nuna rawar da tafinta Ali Jallo ya taka a 1906, lokacin da Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa, suka ɗora Ballama. Wanda ke tsaye tsakanin mai iko da maganar da ke isa kunnensa yana riƙe da wani yanki na ikon. Haka lamarin yake a na'ura: duk abin da root ya umarta, yadda tafinta ya fahimce shi haka za a zartar.

Tafintan Unix na farko na Thompson ne, na 1971, ƙarami, ba shi da nahawu mai yawa. A 1979 Unix ta bakwai ta fito da na Stephen Bourne, Baturen Ingila da ya yi aiki a kan harshen ALGOL 68 a Kambirij. Daga can ya kawo al'adar rufe jimla da juyayyen mabuɗinta: « if » ta rufe da « fi », « case » ta rufe da « esac ». Zaurance ke nan cikin nahawun na'ura. « Do » ce kaɗai ta tsira, domin « od » riga sunan wata manhaja ne, sai aka sa « done ». A daidai wannan lokaci Bill Joy, ɗalibi a Berkeley ta Kalifoniya, ya rubuta csh, mai kwaikwayon harshen C, mai tuna umarnin da aka riga aka bayar. Daga nan gida ya rabu biyu, kuma rabuwar ta wuce ta karin harshe: abin da aka rubuta wa gidan Bourne gidan C ba ya ganewa. Alamar jiran umarni ma ta bambanta, « $ » a wannan gida, « % » a wancan, sai dai dukansu « # » suke nuna wa root. Wanda ya ga « # » a gaban allonsa ya san kuskurensa ba shi da mai tare shi.

Sauran zuriyar za mu ambace ta a gurguje. David Korn ya gabatar da ksh a 1983, kuma a kansa aka fi dogara wajen tsara ƙa'idar POSIX ta 1992. Brian Fox ya fitar da bash a 1989 don aikin GNU. A wannan shekara Kenneth Almquist ya fitar da ash. Paul Falstad ya biyo da zsh a 1990. Da Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, bash na cikin manhajojin farko da ya ɗora a kanta, shi ya sa mafi yawanmu da shi muka buɗe ido.

Akwai ruɗani guda da muke yawan gani ga ɗalibai. Tafintan da ake tayar wa mutum in ya shiga, wato na gida na bakwai, daban yake da /bin/sh, wanda rubutattun umarnin tsarin ke kira. Ubuntu a 2006, da Debian a 2011, sun maida /bin/sh ya zama dash, jikan ash, saboda saurinsa, amma suka bar wa mutane bash. An yi ta ƙorafi, domin rubuce-rubuce da yawa suna ikirarin harshen Bourne suke yi alhali cike suke da karin bash. Amfanin ya fito a Satumba 2014, da Stéphane Chazelas ya gano ɓarakar da aka kira Shellshock, wadda ke kwance cikin bash tun 1989: na'urorin da /bin/sh nasu dash ne sun fi sauran samun sauƙi. Apple kuwa, wadda ta tsaya a bash 3.2, sigar ƙarshe kafin lasisin GPL na uku, ta koma zsh a 2019.

4. Dalilin da ya sa ake hana taɓa tafintan root

Duk wanda ya koyi kula da Unix a shekarun 1990 an ja masa kunne kada ya sauya gida na bakwai na layin root. Hanin yana da tushe. Tun farkon shekarun 1970 faifan na'urar Bell ya cika, aka kwashe wani sashe na manhajoji zuwa faifai na biyu ƙarƙashin /usr, rabon ya zama gado. In na'ura ta samu matsala wajen tashi, takan tsaya da faifan saiwa kaɗai, ta buɗe wa root tafintansa don ya yi gyara. To in tafintan yana zaune a /usr/local/bin, wato cikin ɗakin da ba a buɗe ba tukuna, maigida ya kulle kansa a waje. Abin ya ƙara tsanani da SunOS 4.0 ta 1988 ta yaɗa al'adar manhajoji su riƙa aron sassansu daga taskar haɗin gwiwa: ko tafintan na nan, in taskar ba ta nan, ba zai buɗe baki ba. Saboda haka Solaris ta ajiye wa root /sbin/sh, wanda ke ɗauke da guzurinsa duka a jikinsa, har zuwa Solaris 10 ta 2005.

Mutanen BSD wata dabara suka yi. Suka bar wa root csh, suka buɗe asusu na biyu mai lamba 0 mai suna toor, zaurancen root, wanda mai kula zai ba tafintan da ransa ke so. FreeBSD ba ta raba root da csh ba sai a siga ta 14, cikin 2023.

A Linux dalilin ya yi rauni, tun da Fedora a 2012, da Debian a 2023, sun haɗe /bin da /usr/bin, kuma ana buɗe /usr tun farkon tashi. Duk da haka a ganinmu hanin bai tsufa ba. Umarnin chsh yana duba kundin /etc/shells kafin ya yarda wa talaka ya sauya tafinta, amma root gargaɗi kawai ake yi masa. Harafi ɗaya ya kuskure, ko a cire zsh daga na'ura bayan an naɗa shi tafintan root, ƙofa ta rufe.

5. Wakilci

Tun littafin Unix na farko na 1971 akwai umarnin su, wanda ke maida mutum root in ya san kalmar sirri. Illarsa a bayyane take: mutum biyar masu kula, kalma ɗaya a bakin mutum biyar, in an yi ɓarna ba a san hannun wa ba. BSD ta ƙara shinge, ta ce sai ɗan ƙungiyar wheel, sunan da aka gada daga tsarin TENEX, zai iya kiran su. Richard Stallman ya ƙi sa wannan shinge cikin su na GNU. Ya ba da labarin yadda a 1984 wasu a MIT suka sauya kalmar sirrin mai kula suka ɓoye ta, abin da ya kira juyin mulki, ya ce shi yana bayan talakawa. Hujjar ta dace da ɗakin bincike inda kowa ya san kowa. Ba ta dace da na'urar da ke riƙe da albashin ma'aikata ba.

Mafitar da ta yi nasara ita ce sudo, wadda Bob Coggeshall da Cliff Spencer suka rubuta wajen 1980 a jami'ar jihar Nuyok da ke Buffalo, Todd Miller kuma ya karɓi kula da ita a shekarun 1990. Mutum da tasa kalmar sirri yake shiga, kundin sudoers ya faɗi abin da aka wakilta shi ya yi, kowane umarni kuma a rubuta shi da sunan mai shi. Wakili ke nan, ba sarki ba. Ubuntu, tun fitowarta a Oktoba 2004, ta kulle asusun root gaba ɗaya ta bar sudo. OpenBSD ta ga sudo ta yi ƙiba, ta fitar da doas a 2015, kuma a wannan shekara OpenSSH 7.0 ta daina yarda root ya shigo daga nesa da kalmar sirri sai an buɗe masa da gangan. Tsoron OpenBSD bai zama banza ba, don a 2021 an gano ɓaraka cikin sudo da ta kusa shekara goma tana ba kowane talaka damar zama root.

Afirka ta Yamma ta ɗanɗana sakacin root a 2016. Manhajar Mirai tana yawo a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 da masana'antu ke sakin kyamarori da akwatunan sadarwa da su, da yawansu na root ne, ta tara dubban ɗaruruwan na'urori. Da wani reshenta aka afka wa kamfanin Lonestar na Laberiya a ƙarshen shekarar, kuma wata kotun Ingila ta ɗaure Daniel Kaye a kan haka a Janairu 2019.

6. Daga Yamai zuwa Matameye

Wasiƙar na'ura ta iso Yamai kafin intanet. A farkon shekarun 1990 cibiyar ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ta haɗa ofisoshinta na Dakar, Bamako, Wagadugu, Lome, Yamai da wasu biranen da Mompeliye cikin hanyar sadarwar RIO, wadda Pascal Renaud ya jagoranta. Na'urorin Unix ne, suna musayar wasiƙu ta UUCP: na'ura ta kira ƴar'uwarta, su yi musayar abin da ya taru, su kashe layi. Abin sha'awa ga batunmu shi ne yadda UUCP ke shiga. Na'urar da ta yi kira tana ba da suna da kalmar sirri kamar mutum, amma a gida na bakwai na asusunta ba tafintan mutane aka rubuta ba, manhajar uucico aka sa, wadda ba ta jin komi sai harshen aika kundi. Wannan dabara ta tsare baƙo a zaure ita ce kakar /usr/sbin/nologin da ake sa wa asusan da ba na mutane ba. An yi rajistar alamar ƙasa .ne a 1996, aka kafa SONITEL a 1997, daga nan zamanin RIO ya fara ja da baya.

Matameye ba ta ga wancan zamani ba, amma ta gaji sakamakonsa. Alƙaluman asibitocin gundumar ana shigar da su cikin DHIS2, manhajar jami'ar Oslo da Nijar ta ɗauka a 2017, wadda masu ita ke ba da shawarar a ɗora ta a kan Ubuntu. Akwatunan sadarwa na ofisoshi da yawa BusyBox ke cikinsu, tafintansu kuma ash ne na Almquist.

Abu uku muke ganin sun fi shafar gari irin wannan. Na farko wuta. Jihohin Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna dogara da layin da ya taso daga Katsina ta Gazawa, kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki. Na'urar da wuta ke ɗaukewa tana cikin rubutu takan farka da faifai a hargitse, ta faɗa yanayin gaggawa, ta nemi kalmar sirrin root. Wasu rassan Linux, in root a kulle yake, sai su ƙi buɗe tafinta sam. Shawarar kulle root, wadda ta dace da inda wuta ba ta ƙiftawa, tana bukatar a sake auna ta a nan.

Na biyu madanni. Na Yamai AZERTY ne, na Kano QWERTY. A yanayin gaggawa na'ura kan koma tsarin Amurka, sai « a » ta zama « q », « z » ta zama « w », « m » ta ƙaura, lambobi su rikice. Mai kula ya rantse kalmarsa daidai take, kuma gaskiyarsa ne. Maganin a zaɓi kalmar sirrin root daga haruffan da ba sa motsi tsakanin madannan biyu, a ƙara mata tsawo don cike giɓin.

Na uku ya fi su ciwo. Mun gani a wuri fiye da ɗaya: aikin taimako ya kawo na'ura, ƙwararren da aka turo ya girka ta, wa'adi ya cika, ya tafi da kalmar sirri a kansa. In faifan a buɗe yake abin da sauƙi, domin wanda na'ura ke hannunsa yana iya gaya wa GRUB ya tayar da /bin/sh kai tsaye ya sa sabuwar kalma. In kuwa an rufe faifan da LUKS, aikin shekaru ya tafi, ko alƙaluman asibiti ne ko muryoyin tsofaffi da ɗalibanmu suka naɗo daga ƙauyukan Kance. Tsohuwar al'adar masu kula da Unix ita ce a rubuta kalmar a takarda, a liƙe ambulan, a ajiye wurin shugaban ma'aikata. Ya kamata wannan ya shiga takardar miƙa aiki, tare da makullan ɗaki.

Salula ta juya tarihin. Android tana da mai lamba 0, tafintanta mksh ne, ɗan gidan Korn, amma mai salular ba a ba shi su ba. Ikon yana hannun masana'anta. Masu gyara, daga kasuwar Farm Centre ta Kano har rumfunan Matameye, suna iya buɗe wasu wayoyin su girka Magisk, wadda John Wu ya fitar a 2016, su maida wa mai waya rawaninsa. Sai dai wasu manhajojin kuɗi kan ƙi aiki a wayar da aka yi wa haka.

7. Tafinta da haruffan Hausa

Ƙa'idar POSIX ta ware alamomi 65 da ta ce su ne amintattu ga sunan asusu da na kundi: haruffan Ingilishi manya da ƙanana, lambobi, ɗigo, karan ɗori da karan ƙasa. Babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ɗanladi ya zama danladi, ƙasa da kasa su zama abu ɗaya. Haruffan suna cikin Unicode tun 1991, kuma UTF-8, wadda Thompson ɗin nan da Rob Pike suka tsara a Satumba 1992, tana rubuta kowannensu da bayit biyu. Amma tafintan gaggawa da rubutattun umarnin root sau da yawa a yanayin « C » suke aiki, inda bayit ake gani, ba harafi ba. A can ƙ takan fito a matsayin alamar tambaya, umarnin sort ya jefa ta bayan z maimakon bayan k inda ƙamus ya ajiye ta, kuma dash ya shafe shekaru yana ƙirga « ƙasa » haruffa biyar. Mai jera kalmomin ƙamus ya duba yanayin harshen na'urarsa kafin ya amince da jerin da ta ba shi.

Babbar matsalar ita ce alamar hamza. Ga tafintan gidan Bourne, alamar « ' » buɗe zance ce, kuma yana jiran a rufe. Wanda ya rubuta cat jami'a.txt zai ga tafinta ya yi shiru ya nuna masa « > », yana jiran sauran magana. Da hannu ana gyarawa, a kewaye sunan da alamar zance mai biyu. Cikin rubutaccen umarni da root ke zartarwa da dare, wanda ke harhaɗa sunayen kundaye ya miƙa wa wani tafintan, hamza ɗaya na iya sa a haɗiye rabin layi, kuma in rm na cikin layin ba a san inda ɓarnar za ta tsaya ba. Waɗanda suka yi wasiƙar na'ura a shekarun 1990 suna tuna yadda muke rubuta k', d', b' don rashin haruffa masu lanƙwasa. Duk kundin da aka raɗa wa suna ta wannan hanya tarko ne.

A nan rubutun Nijar ya ɗan fi na Nijeriya sa'a. Maƙwabtanmu suna rubuta 'y da hamza, mu kuwa ƴ muke rubutawa, kamar yadda dokar ma'aikatar ilimi ta Oktoba 1999 ta tabbatar, don haka « ƴaƴa » ba ta tayar wa tafinta hankali. Hamzar tsakiyar kalma, ta sa'a da ma'aikata da jami'a, tana nan a ƙasashen biyu. Unicode ta tanadi wata alama, U+02BC, mai kama da hamzar a ido, wadda tafinta ke ɗauka harafi kamar kowane harafi. Ba ta kan AZERTY, ba ta kan QWERTY, sai mai kula da na'ura ya ƙara ta cikin tsarin madanni da hannunsa, kuma in don kowa da kowa zai yi, wannan gyara ma sai da iznin root.